AGBAYUN: ITACIYAR KURMI CIKIN ƊAKI



Yau hirarmu bisa wata ƴar itaciya take. Ba ta ƙasarmu ba ce. Ta kurmi ce, can inda ruwan sama ke da yawa: kudancin Gana, Togo, Benin da Nijeriya, har zuwa Kwango. Yarabawa na ce mata agbayun. Ko a can ma, wurare da yawa ta fara wuyar gani, don daji na raguwa. Da yawa cikinku na da ɗan'uwa a Kumasi ko Kwatano. Wata rana ana iya kawo maka ɗiyanta tsaraba. In ka samu, kada ka yar da ƙwallon.

Mi ya sa ake son ta?

Ɗiyanta jajaye ne, tsawonsu kamar santimetir 2. Kowane na da ƙwallo guda. Su kansu ba su da zaƙi ƙwarai. Amma in ka tsotsi ɗaya, ka juya shi cikin baki minti 1, sa'annan ka sha lemun tsami, sai ka ji kamar zuma. Tsamiya ma haka. Abin kan daɗe rabin awa, wani lokaci har awa 1. Tun shekarar 1725 wani matafiyi Bafaranshe ya ga mutanen bakin teku na tsotsar su kafin su ci abinci mai tsami. A shekarar 1968 masu bincike suka ware abin da ke yin aikin. Sunansa mirakulin. Shi ke manne wa harshe, wurin da ke jin zaƙi. Da tsami ya taɓa shi, sai wurin ya farka. Lemun bai sake ba, harshe ne aka ruɗa.

To, ka sani itaciyar nan baƙuwa ce. A Kumasi ruwan shekara ya kan kai milimetir 1400. A Maraɗi kuwa kamar 500 ne. In ka dasa ta a fili, rana da iska za su kashe ta. Sai cikin ɗaki, cikin tukunya. Ga abubuwa 5 da za ka kiyaye.

Na 1, ƙwallo. Ba kamar hatsi ba ne da ake ajiyewa cikin rumbu. In ya bushe, ya mutu. Ka gaya wa mai kawo maka ya naɗe shi cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya sa cikin leda. Ranar da ya iso, ranar za ka shuka. Zurfin ramin santimetir 1 ya isa. Ka shuka 3 ko 4, don ba duka ke fitowa ba. Tsiro kan fito cikin sati 2 zuwa 4.

Na 2, ƙasa. Agbayun na son ƙasa mai ɗan tsami, wadda ruwa ke wucewa. Ka ɗebo rairayin jigawa kashi 1, ka gama da ruɓaɓɓen ganye kashi 2. Ka huda gindin tukunya. Kada ka sa lakar fadama. Kada ka sa toka ko kaɗan. Toka na da amfani ga wasu shuke-shuke, amma tana kashe tsamin ƙasa. Ɗanyen taki kuma yana ƙone saiwa.

Na 3, ruwa. A nan ne mutane suka fi yin asara. Ruwan da ya fi shi ne na sama. Ka tara shi da damana cikin randa, ka rufe bakinta saboda sauro. Wasu rijiyoyinmu na da kanwa-kanwa. In kana ba ta irin wannan ruwa, sabon ganye zai yi ɗorawa, jijiyoyinsa kaɗai su tsaya kore. Ka ga haka, ka sake ruwa. In babu sai na rijiya, ka ɗiga masa lemun tsami kaɗan. Kafin ka yi ban ruwa, sa yatsa cikin ƙasa. In da laima, bari sai gobe. Ƙasa ta zauna da sanyi, amma kada ruwa ya kwanta.

Na 4, wuri. A kurmi ta saba da inuwar manyan itatuwa. Ka ajiye ta kusa da taga ta gabas, ta samu hasken safe. Kada ranar tsaka ta buge ta. Da bazara ɗakin laka ya fi na kwano, don ya fi sanyi. Da ɗari, busasshiyar iska ce abokiyar gabanta: bakin ganye ya ƙone, ya kaɗe. Ka rufe taga. Ka ajiye ta kusa da randa, ka yayyafa wa ganye ruwa safe da marece, ka goge ƙura. In ka ga fararen ƙwari kamar kaɗa ƙarƙashin ganye, ka share su da jiƙaƙƙen tsumma.

Na 5, haƙuri. Ba ta da saurin girma. Shekarar farko ba ta cika wuce taƙi guda ba. Sai ta yi shekara 3 ko 4 ta fara ɗiya. In ƙananan furanninta farare suka fito, ka riƙa girgiza reshe a hankali, don cikin ɗaki babu iska ko ƙwarin da za su yi mata wannan aiki. In ɗiya suka nuna, a sha su ɗanyu cikin kwana 2. Wuta na ɓata ƙarfinsu, don haka ba a dafa su.

Ga gargaɗi. Tsamin lemu yana nan ko ba ka ji shi ba. In ka sha da yawa, zai ci maka haƙori, ya dame ka a ciki. Kuma kada kowa ya karɓi kuɗinka ya ce agbayun na warkar da ciwon sukari. Mai wannan ciwo ya ci gaba da bin maganar likita.

Yanzu ku tattauna tsakaninku, kowa ya rubuta amsa cikin littafinsa:

1. Don mi ba a busar da ƙwallon agbayun?
2. Wane ruwa ya fi dacewa da ita?
3. In sabon ganye ya yi ɗorawa, mi za ka yi?

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa.