Lita, Kilo da Mita a Ɗakin Uwargida

Yau za mu taɓa wani darasi ne da yaranmu ke karantawa a ajin kimiyya tun daga firamare, wato awo da yadda ake juya wani ma'auni zuwa wani. Kada wata ta ce wannan ai maganar 'yan boko ce. A'a, 'yar'uwa, maganar ɗakinki ce, domin tana jikin kwalbar maganin ɗanki, tana cikin katin awonsa na asibiti, tana kuma jikin yadin da kike aikawa a sayo miki.

Mu Hausawa ba baƙin awo ba ne. Muna da mudu da tiya da kwano da gwangwani, muna da kamu da taƙi da gaba. Matsalarsu ɗaya ce, ba su tsaya wuri guda ba. Mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, kamun doguwar mace kuma ya ɗara na gajeruwa. Idan gero za a auna, bambancin ba zai kashe kowa ba. Amma idan magani ne za a ba jariri, to nan fa ba a wasa.

Irin wannan ruɗani ne ya sa mutanen Faransa suka fito da sabon tsarin awo, suka kafa shi da doka a shekarar 1795. A shekarar 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu kan yarjejeniyar mita a birnin Faris, daga nan tsarin ya yi ta bazuwa a duniya. Nijeriya ta koma kansa a shekarun 1970, Nijar kuwa ta gaje shi ne daga Faransa.

To mene ne sirrinsa? Komai goma-goma yake tafiya. Iyayenmu za su tuna zamanin fam da sule, lokacin da kwabo 12 ke yin sule, sule 20 kuma ke yin fam, ga sisi ga taro ga ahu, lissafi sai mai kai. Da aka kawo naira a ranar 1 ga Janairun 1973, sai aka ce kwabo 100 shi ne naira ɗaya, shi ke nan. Awon zamani ma haka yake.

Uwaye uku ne a gidan. Mita ta tsawo ce, giram na nauyi ne, lita kuma ta ruwa ce da duk abin da ake tsiyayawa. Sai kalmomi uku da ake liƙa musu a gaba. In kin ji "kilo", ana nufin dubu. In kin ji "santi", kashi ɗaya ne cikin ɗari. In kin ji "mili", kashi ɗaya ne cikin dubu. Saboda haka kilomita ɗaya mita 1,000 ce, kilogiram ɗaya, wanda muke ce wa kilo, giram 1,000 ne. Mita ɗaya santimita 100 ce, lita ɗaya kuma mililita 1,000 ce.

Juyawar ma ƙa'ida guda gare ta. Daga babba zuwa ƙarami, ki ninka. Daga ƙarami zuwa babba, ki raba. Ba kya ganin in kika canja naira zuwa kwabbai yawansu ƙaruwa yake yi? To idan ɗanki ya zo da aikin gida an ce ya mayar da mita 3 zuwa santimita, sai ki ce masa 3 sau 100, wato 300. In an ce giram 2,500 kilo nawa ne, ya raba da 1,000, ya sami kilo 2.5, wato biyu da rabi. Kin ga kin zama malama ba ki taka ƙofar gida ba.

Yanzu mu shiga inda abin ya fi shafar rai, wato maganin yara. A jikin kwalba za ki ga haruffa biyu masu kama da juna, ml da mg. Na farko mililita ne, yana nuna yawan ruwan maganin. Na biyu miligiram ne, yana nuna nauyin sinadarin da ke cikin ruwan. Idan an rubuta 120mg/5ml, ma'anarsa a cikin kowane mililita 5 akwai miligiram 120 na maganin. Magani iri ɗaya yakan zo da ƙarfi daban-daban, don haka kada ki ce ai wancan karon cokali ɗaya na ba shi. Duba rubutun, ki bi abin da likita ko nas ta faɗa.

Shi kuma cokalin da ma'aikatan lafiya ke nufi, ƙaramin mililita 5 ne, babban kuma mililita 15. Cokulan da ke cikin kwanukanmu ba su da tabbas, wani ya fi haka, wani bai kai ba. Ki riƙa amfani da ɗan murfin awo ko sirinjin da ke zuwa tare da maganin. In babu, wanda kika aika kemis ya tambayo miki shi. Sannan ki lura da ɗan ɗigon nan da ke tsakanin lambobi. Mililita 2.5 rabin ƙaramin cokali ne, amma mililita 25 ƙananan cokula biyar ne. Ɗigo ɗaya ya ɓace, an ninka wa yaro magani sau goma. Idan sako ne aka kawo miki da baki, ki sa a rubuta a jikin kwalin, ki nemi wanda zai karanta miki in ba ki iya ba. Ba abin kunya ba ne.

Haka nan garin gishiri da sukari na asibiti, wanda ake kira ORS, da ake ba yaro mai gudawa. Yawancin ƙunshin ana narkar da shi ne a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, amma akwai ƙanana na rabin lita, saboda haka ki duba bayan takardar. In ruwan ya yi kaɗan, gishirin zai yi yawa, kuma hakan na iya cutar da yaron. In ya yi yawa, haɗin ya yi salam, ba zai yi aikin da ake so ba. To ta yaya za ki gane lita? Duba ledar ruwa ko gorar ruwa. In kin ga 50cl, santilita 50 ke nan, wato mililita 500, rabin lita. Biyu irinta sun ba ki lita ɗaya. Ki juye su a wani kofi ko jug mai tsabta, ki yi alama daidai inda ruwan ya tsaya, ki ajiye shi don wannan aiki kawai. Kin yi wa kanki ma'auni ke nan.

Sai awon nauyi. Idan aka ɗora jariri a sikeli ranar haihuwa aka ce 3.2, ana nufin kilo 3 da giram 200. Jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, ma'aikatan lafiya na ɗaukarsa mai ƙarancin nauyi, yana bukatar ɗumi da nono akai-akai da sa ido sosai. Kuma ki riƙe nauyin ɗanki a ka, domin yawancin magungunan yara da nauyi ake lissafa su, ba da shekaru kaɗai ba.

Ina masu ɗinki da masu sayar da kaya a cikin gida? Ku matso. Yadi da mita ba ɗaya ba ne. Yadi santimita 91 ne da 'yan kai, mita kuwa 100 cif. Turmin atamfa mai yadi 6 bai kai mita 5 da rabi ba sai da ƙyar. Idan aka sayar miki da yadi 10 a matsayin mita 10, an rage miki kusan santimita 86, abin da zai fitar da ɗankwali. Tef ɗin awonki ma fuska biyu gare shi, ɗaya inci, ɗaya santimita, inci ɗaya kuma santimita 2.54 ne. In za ki aika wa tela awo, ki faɗa masa da wace fuskar kika auna.

Masu ƙosai da waina da tuyar gyaɗa, ku ma ga naku. Mudu da lita cika suke aunawa, kilo kuwa nauyi. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, amma litar man gyaɗa ba ta kai kilo ba, don mai ya fi ruwa rashin nauyi. Haka mudun shinkafa ya fi mudun dusa nauyi nesa ba kusa ba. In kin sayo buhu mai kilo 50, ki auna ki ga mudu nawa naki ya fitar, ki rubuta. Da haka za ki san ribarki ta gaskiya.

Kada ku ga kamar mu kaɗai irin wannan kuskure ke samu. A shekarar 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangare na ma'aikatan ya yi lissafi da tsohon awon Ingila, ɗaya ɓangaren kuma ya ɗauka na mita ne. Darasin shi ne, lamba ba ta cika sai da sunan ma'auninta. In an ce miki "biyar", ki tambaya, biyar ɗin me?

Ga ɗan aikin da za ku yi tare da yara kafin mako mai zuwa. An ce a ba yaro mililita 5 sau uku a rana har kwana biyar, kwalbar kuma mililita 60 ce. Za ta isa, ko sai an ƙaro? Ku lissafa, za mu faɗi amsa a farkon shiri na gaba idan Allah ya kai mu. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi. Ku huta lafiya.