Shrewsbury Town: kakar da suka kusa haurawa, da wurin tsayuwar da 'yan kallo suka yi wa karo-karo

Yau babu Madrid, babu Barca, babu Arsenal. Na san wasu har sun fara tsaki, to ku ɗan yi haƙuri. Ƙungiyar da za mu tattauna a kanta, da yawanku ba ku taɓa ganin wasanta a gidan kallo ba. Sunanta Shrewsbury Town, tana wani ƙaramin gari a yammacin Ingila, kusa da iyakar Wales. An kafa ta tun 1886, filinta ba ya ɗaukar mutum dubu goma cif, kuma a wasan gida masu zuwa kallo ba su cika wuce dubu shida zuwa bakwai ba.

Ga wanda bai saba ba, ƙwallon Ingila hawa-hawa ce. Firimiya ce a sama, sai Championship, sai League One, sai League Two. A kakar 2017/2018 Shrewsbury tana hawa na uku, kuma a kakar da ta gabata da ƙyar ta sha, ta ƙare a ta 18. Kocinta Paul Hurst ya zo ne daga Grimsby a watan Oktoban 2016, ya tarar da ita a can ƙasan teburi. Don haka da aka zo fara sabuwar kaka, masu hasashe sun riga sun saka ta cikin waɗanda za su faɗa League Two.

Sai ga shi ta buga wasa 15 na farko ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Ta daɗe tana jan ragamar teburi, a gasar da akwai Wigan da Blackburn. Ku tuna fa, Blackburn ta taɓa ɗaukar kofin Firimiya a 1995, Wigan kuma ta ci kofin FA a 2013. Waɗannan su ne Shrewsbury take gogayya da su, da 'yan wasan da ta tsinto daga ƙananan ƙungiyoyi da kuma yaran aro. Golanta yaro ne ɗan shekara 20 da Manchester United ta ba ta aro, Dean Henderson. Eh, shi dai wanda kuka gani ya tare fenaretin Marmoush ranar da Crystal Palace ta doke Man City ta ɗauki kofin FA a 2025. Akwai Ben Godfrey da Carlton Morris, su kuma aro ne daga Norwich.

A watan Janairun 2018 suka haɗu da West Ham a kofin FA, aka tashi babu ci, sai da aka sake wasa a Landan aka shiga ƙarin lokaci kafin West Ham ta samu ƙwallo ɗaya. Golan West Ham a lokacin Joe Hart ne, ɗan garin Shrewsbury, wanda a kulob ɗin ya fara ƙwallo.

Amma kaka doguwa ce, wasa 46, kuma mai 'yan wasa kaɗan shi ke fara gajiya. Wigan ta ƙare da maki 98, Blackburn 96, Shrewsbury 87. Biyun farko ne ke haurawa kai tsaye, na uku sai ya bi ta wasannin cike gurbi. Kafin nan ma sun je Wembley a watan Afrilu, wasan ƙarshe na kofin ƙananan ƙungiyoyi, Lincoln City ta ci su ɗaya da nema. Suka cire Charlton a cike gurbi, suka koma Wembley ranar 27 ga Mayu don haɗuwa da Rotherham, wadda suka ba tazarar maki takwas a teburi. Henderson ya tare fenareti tun farkon wasa. Kyaftin ɗin Rotherham, Richard Wood, ɗan baya ne fa, ya ci. Alex Rodman ya farke. A ƙarin lokaci Wood ɗin nan ya sake ci, aka tashi 2-1. Zuwansu Wembley na biyar ke nan a tarihi, kuma duka biyar ɗin an ci su.

To yanzu mu zo kan kuɗi, don a nan labarin yake da ciwo. Kwana uku kacal bayan wannan wasa, Paul Hurst ya tattara ya koma Ipswich. Kafin rufe kasuwar 'yan wasa ya ja Jon Nolan da Toto Nsiala, biyu daga cikin ginshiƙan ƙungiyar. Yaran aro kowa ya koma gidan ubangidansa. Godfrey daga baya Everton ta saye shi kan kuɗin da ya kai fam miliyan 20, amma Norwich ce ta karɓa, Shrewsbury da ta ba shi filin gogewa ko sisi. Kakar da ta biyo baya suka koma ta 18, inda suka fito.

Kada wani ya ce rashin kishi ne. Lissafi ne. A waccan kaka, West Brom da ta zo ta ƙarshe a Firimiya ta karɓi sama da fam miliyan 90 daga kuɗin gasar, mafi yawansa na talabijin. Ƙungiyar League One kuwa, abin da take samu a lokacin daga rabon talabijin da ɗan tallafin da Firimiya ke sakowa ƙasa bai kai fam miliyan biyu ba. Sauran sai tikiti, sai riguna, sai hayar ɗakunan taro a filin wasa, sai sayar da ɗan wasa idan Allah Ya kawo mai saye. Ga kuma doka a League One a lokacin cewa albashin 'yan wasa kada ya wuce kashi 60 cikin ɗari na kuɗin shiga. Wanda ya ce zai yi tsalle ya wuce ƙarfinsa, ya dubi Bury. Ƙungiya ce da ta ci kofin FA sau biyu, a 1900 da 1903, amma a watan Agustan 2019 aka kore ta daga gasar baki ɗaya saboda bashi, 'yan watanni bayan ta yi murnar haurawa League One. A nan gida mun saba da ƙungiyoyin da gwamnatin jiha ke riƙe da su, a can kuwa idan aljihun mai kulob ya bushe, babu gwamnan da za a kai wa kuka. Shugaban Shrewsbury, Roland Wycherley, ɗan kasuwa ne ɗan garin da ke riƙe da ita tun 1996, kuma an san shi da riƙe aljihu. Magoya baya sun sha ƙorafi a kan hakan, amma dai ƙungiyarsu ba ta bi Bury ba.

A cikin wannan kaka ɗin dai, wani abu yana faruwa a bayan raga, kuma ni a ganina ya fi sakamakon Wembley nauyi. Kafin ku gane shi sai mun koma 15 ga Afrilun 1989, filin Hillsborough da ke Sheffield, wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA tsakanin Liverpool da Nottingham Forest. A zamanin, bayan raga wurin tsayuwa ne, matakala ce ta siminti, an raba ta gida-gida da shingen ƙarfe kamar garke, ga wani dogon shinge a gaba don kada a shiga fili. Jama'a suka taru a waje, 'yan sanda suka ba da umarnin buɗe wata babbar ƙofa, mutane suka kwarara cikin ɓangarorin tsakiya da tuni sun cika. Na gaba ba su da hanyar fita. Mutum 96 suka rasu, na 97 ya cika a 2021 sakamakon raunin da ya samu ranar.

Alƙali Taylor da ya yi bincike ya ce babban dalili shi ne gazawar 'yan sanda wajen sarrafa taron. Duk da haka, a rahotonsa na 1990 ya ba da shawarar a koma zama zalla, kuma daga 1994 aka wajabta wa ƙungiyoyin hawa biyu na sama su sa kujeru ko'ina. Iyalan mamatan kuwa sai da suka shekara 27 suna fafutuka kafin wani zaman bincike a 2016 ya tabbatar cewa sakacin hukuma ne ya kashe 'yan uwansu, kuma 'yan kallo ba su da laifi.

Matsalar ita ce, dokar ta hana wurin tsayuwa amma ba ta hana mutane tsayuwa ba. Duk wanda ke kallon Firimiya ya ga yadda na bayan raga ke tsaye minti casa'in a gaban kujerunsu. Kujerar roba kuwa iyakarta ƙwauri. Idan aka ci ƙwallo aka yi tsalle, na baya ya rufto kan na gaba, babu abin da zai tare shi. Wato ana tsayuwar, sai dai a wurin da ba a gina don tsayuwa ba. Jamus ta daɗe da samun mafita: kujera mai naɗewa, kowane layi da shingen ƙarfe da ya kai ƙugu a gabansa da bayansa, ta yadda turereniya ba za ta gangaro daga sama zuwa ƙasa ba. Celtic ta Scotland, da dokar Ingila ba ta hau kanta ba, ta saka irinsu kusan dubu uku a 2016.

Shrewsbury ta bar tsohon filinta Gay Meadow a 2007. Filin yana bakin kogin Severn ne, har akwai wani dattijo da aikinsa shi ne shiga ɗan ƙaramin kwalekwale ya tsamo ƙwallo idan ta faɗa ruwa. Sabon filin kujeru ne zalla, kuma masu waƙa da kiɗa suka ce armashi ya ragu. Sai wakilan magoya baya suka lura da wata kafa: dokar zama dole ba ta hau kansu ba, tunda rabonsu da hawa na biyu tun 1989. Suka zauna da shugabannin kulob, suka nemi izinin hukumar kula da lafiyar filayen wasa, suka samu. Saura kuɗi. Kulob ɗin da ke lissafin kowane fam ba zai cire kuɗin ɗan wasa ya sayi ƙarfe ba, don haka a 2017 aka buɗe asusun karo-karo a intanet. Aka tara sama da fam dubu 60, kuma ba 'yan garin kaɗai suka bayar ba, har da magoya bayan wasu ƙungiyoyi da ke son a samu inda za a nuna wa gwamnati a ce ga shi an yi, ba a mutu ba. A watan Mayun 2018 aka kafa kujeru 555 masu shinge a saman ɓangaren kudu na filin. Shrewsbury ta zama ta farko a Ingila da Wales da ta yi haka a filin da asalinsa na zama ne zalla.

Ku dubi lokacin. Wata guda kafin nan, West Brom ta nemi izinin yin irin wannan, ministar wasanni Tracey Crouch ta ƙi. Mutane sama da dubu ɗari suka sa hannu a takardar koke, abin da ya kai batun gaban majalisar dokoki a watan Yuni. Masu adawa da tsarin ba mutanen banza ba ne, a yi musu adalci. Cikinsu akwai iyayen da suka binne 'ya'yansu bayan Hillsborough, kuma uwar da ɗanta ya tafi kallon ƙwallo bai dawo ba, ba za ka zo mata da zanen injiniya ka ce ta kwantar da hankali ba. Amma ko a Liverpool ɗin, da ƙungiyar magoya baya ta Spirit of Shankly ta yi ƙuri'a a 2017, kashi 88 cikin ɗari sun goyi baya. Ni ina tare da su, saboda abin da ya kashe mutane a 1989 shi ne cusa jama'a a keji ba tare da ƙirga su ba, da rashin hanyar fita, da jami'an da suka ɗauki 'yan kallo a matsayin abokan gaba. A sabon tsari kowa da tikitinsa, da lambarsa, da gurbinsa.

Inda ban yarda da wasu masu goyon bayan ba shi ne da'awar cewa tsayuwa za ta sauƙaƙa kuɗin tikiti. A Jamus haka ne, don ana tsayar da mutane fiye da adadin kujerun, shi ya sa bangon Dortmund ke ɗaukar kusan dubu 25 kuma talaka ke iya shiga. A Ingila kuwa mutum ɗaya ne kujera ɗaya. Shrewsbury ba ta ƙara ko mutum guda a yawan da filinta ke ɗauka ba, ba ta samu kuɗin sayen ɗan gaba ba. Abin da aka samu shi ne mai son tsalle ya yi tsallensa ba tare da ya tare wa dattijo ko yaro gani ba, kuma ba tare da ya karya ƙafa ba.

Gwamnati ta sauko daga baya. A watan Janairun 2022 aka fara gwaji a filayen Manchester United, Manchester City, Tottenham, Chelsea da Cardiff, a watan Yulin shekarar kuma aka buɗe wa duk mai so ya nemi lasisi. Yau idan kyamara ta haska bayan raga a Anfield ko Old Trafford za ku ga ƙarafan nan layi-layi.

Ita kuwa Shrewsbury, League One ta canja a kanta. Maƙwabciyarta Wrexham ta samu taurarin fim na Hollywood a 2021, Birmingham ta zo da kuɗin Amurkawa ta tara maki 111 a kaka guda. A waccan kaka ta 2024/2025 Shrewsbury ta zo ta ƙarshe, ta faɗa League Two bayan shekara goma a hawa na uku, Wycherley kuma ya fito fili ya ce yana neman mai saye. Amma kujeru 555 ɗin suna nan a bayan raga, kuma ranar Asabar da ƙarfe uku daga nan ake jin ganga.