Ɓacewar Mariri da Dawowarsa: Darasi ga Masu Riƙon Amana



Abin da za mu tattauna a yau shi ne labarin wata dabbar dawa da kakanninmu suka sani sarai, mu kuwa sai dai suna, wato mariri. Mun zaɓe shi ne domin labarinsa ya haɗa hasara da kuma gyara, kuma duka biyun da hannun ɗan'adam aka yi su.

Mariri dabba ce mai kofato, mai cin ciyawa, dangin gwanki. Jikinsa fari ne, wuya da ƙirji kuwa jaja-jaja. Namiji da tamata duk suna da ƙaho siriri mai lanƙwasa zuwa baya kamar takobi, tsawonsa yakan kai mita ɗaya. A dā mazauninsa shi ne bakin Hamada, tun daga Muritaniya, ta Mali da Nijar da Cadi, har Sudan. Fatarsa tana da kauri ƙwarai, shi ya sa Abzinawa suke yin garkuwa da ita.

Allah ya shirya wannan dabba domin zaman wurin da ruwa ya yi ƙaranci. Farin gashinsa yana mayar da zafin rana. Zafin jikinsa yakan hau har digiri 46 kafin ya soma gumi, ta haka yake tattalin ruwan jikinsa. Yakan yi watanni bai kafa baki a tafki ba, yana samun laima daga ciyawa irin su ƙarangiya, da kwartowa, wato gunar jeji mai ɗaci. Da damina garken yakan bi sabon tsiro ya yi arewa, da rani ya gangaro kudu. A shekarar 1936 an ga garke guda a Cadi wanda aka ƙiyasta ya kai dubu 10.

To, jama'a, dabbar da ta jure wa Hamada shekaru dubbai, me ya kawar da ita? Maharbin dā da kibiya yake fita, ko da doki da karnuka, ya kashe ɗaya ko biyu ya koma gida. Da mota mai ratsa rairayi da bindiga mai sarrafa kanta suka zo, sai ya zama a yini guda ana iya gamawa da garke. Rijiyoyin burtsatse da aka haƙa a makiyaya, ko da yake alheri ne ga makiyayi, sun sa shanu da awaki suna zama shekara cur a wuraren da dā mariri ke samun abincin rani. Fari na farkon shekarun 1970 da na 1984 ya ƙara matsa shi. Yaƙin basasar Cadi kuma ya cika jeji da makamai, ya kori masu gadin daji. Kafin ƙarshen shekarun 1980 an daina ganinsa, kuma a 2000 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta bayyana cewa ya ƙare a dawa, sai waɗanda ke tsare a gidajen namun daji da gonakin masu hali.

Abin lura a nan shi ne, ba doka aka rasa ba. An keɓe gandun Gadabeji a jihar Maraɗi tun 1955, aka keɓe na Wadi Rime da Wadi Ashim a Cadi a 1969. Amma gandun da ke kan takarda kawai, babu mai gadi, babu albashi, babu yardar mutanen da ke kewaye da shi, ba ya tsare ko da zomo.

A 2016 aka soma mayar da shi dawa a Cadi. Gwamnatin Cadi da Hukumar Muhalli ta Abu Dabi suka ɗauko mariri 25 a jirgin sama, aka ajiye su cikin shinge har suka saba da ƙasa, sa'an nan aka sake su a Wadi Rime, da na'ura a wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam. Aka ci gaba da kawo wasu, suka hayayyafa har suka wuce 600. A watan Disamba na 2023 IUCN ta fitar da mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a dawa, ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar haɗari. Abin murna ne, amma mu tuna tamata ɗa guda take haifa bayan wata takwas zuwa tara. Abin da aka ɓata a yini, sai an shekara da shekaru ana biyansa.

Ba kuma kowace dabba ke samun wannan gata ba. Ɗan'uwan mariri mai murɗaɗɗen ƙaho, wanda Turawa ke kira adaks, da aka yi ƙidaya a yankin Tarmit na Nijar a 2016, uku kacal aka gani.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Yankari ta Jihar Bauci, wadda aka keɓe a 1956, har yanzu akwai gwanki da kanki da gwambaza da ɓauna. Tsare su yanzu, suna tafiya da ƙafafunsu, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba bisa ga a nemo jikokinsu daga wata ƙasa a jirgin sama, in ma an same su.

'Yan'uwa, mu ne gobe za mu zauna a ofisoshin ma'aikatar gandun daji, da ta kuɗi, da ta ƙasa da safiyo. Ta teburinmu takardar albashin mai gadin daji za ta bi, da takardar izinin haƙa rijiya, da ta yanka gona a gefen gandu. Kafin mu sa hannu, lalle ne mu tambaya: ina burtalin makiyayi, ina kuma hanyar namun dawa? Mu zauna da ardo da sarkin baka da dagaci, domin su ne ke kwana da jeji. In kuma babba ya aiko a kawo masa naman gwanki, mu sami ƙarfin halin cewa doka ta hana.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.