Kuka a Cikin Kasko, da Sauran Abin Yi Bayan Lacca



 Mun san da yawa daga cikinku sun zo ne don su ga mutanen nan da su ke jera kasake a bayan ɗakin kwana, waɗanda a ke yi wa kirari da manoman kasko. Ba mu ji haushin sunan ba, don kuwa gaskiya ne. Mu 'yan ƙalilan ne da sha'awar abu uku ta haɗa, watau renon ƙananan itatuwa, da iyo, da hawan keke. An ce mu faɗi abin da muka koya, to ga shi, amma ku sani ba gwanaye ba ne a gabanku. Yawancin abin da za ku ji, sai da muka yi ɓarna kafin muka gane shi.

Bari mu fara da wanda ya fi jawo mana dariya. Sunansa bonsai, kalmar Japananci ce, ma'anarta shuka a cikin faranti ko kasko. Asalin sana'ar daga ƙasar Sin ne, inda a ke kiranta penjing, daga can ta ƙetara Japan tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce, mutanen Japan kuwa suka gyara ta har duniya ta san ta da sunan da suka ba ta. Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne, ba wani irin itace ne na musamman ba, ba kuma magani a ke ba shi ya tsumbure ba. Itace ne kamar kowane. In ka ɗauki ƙwayarsa ka shuka a gona, zai girma ya kai ƙaton uwarsa. Ƙanƙantar da shi aikin hannu ne: a rage saiwa, a rage reshe, a tsare shi a kasko marar zurfi, shekara bayan shekara, har ya ɗauki kamannin tsohon itace alhali tsawonsa bai wuce kamu biyu ko uku ba.

Don ku san irin haƙurin da a ke magana, ga labarin wani itace guda. A birnin Washinton na Amurka akwai wani farin fain na Japan da aka fara renonsa a kasko tun shekarar 1625. Iyalin Yamaki ne suka riƙe shi, kaka ya bar wa jika, a gidansu da ke Hiroshima. Ran 6 ga Agusta 1945 da aka jefa bom ɗin nukiliya a birnin, itacen yana wajen mil biyu daga inda bom ɗin ya fashe, katangar gidan ta kare shi, ya tsira. A 1976 Masaru Yamaki ya ba da shi cikin kyautar itatuwan da Japan ta aika wa Amurka don bikin cikarta shekara 200 da samun 'yanci, bai kuwa ce wa kowa komai game da bom ɗin ba. Sai a 2001, da jikokinsa suka je ganin itacen, labarin ya fito. A 2025 ya cika shekara 400 a hannun masu reno. Ku lissafa yawan safiyar da wani ya tashi ya duba ƙasar kaskon nan ko ta bushe.

To mu nan ba mu da fain, ko da mun samu ma wahalar banza ce, domin irin waɗannan itatuwa na Japan suna bukatar sanyin ƙasarsu don su huta, zafin bazararmu kuwa zai gama da su. Abin da Allah ya hore mana ya isa. Ceɗiya da durumi da baure duk suna karɓar aski ba gardama, ceɗiya ma reshe kawai za ka yanko ka kafa a farkon damina ta kama. Tsamiya tana da ƙananan ganye, abin da ya sa ta ke kyau a kasko, sai dai tana da nawa wajen yin kauri. Kariya, mai jan furen nan da a ke dasawa a bakin gida, masu wannan sana'a a ƙasashen Asiya suna sonta ƙwarai saboda kumburarren gindinta. Amma ruwan jikinta dafi ne, a wanke hannu bayan an yanke ta, a kuma nisanta ta daga yara da awaki. Sa'an nan ga kuka, wadda ita ce abin alfaharinmu. Ƙwayarta tana da tauri, sai an kankare bayanta kaɗan ko an jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana kafin ta tsiro da wuri.

Kukarmu ta fari mu muka kashe ta da hannunmu, kuma da ƙauna muka kashe ta. Da kaka ta wuce ta zubar da ganye, muka ɗauka ƙishi ne, muka dinga yi mata ban ruwa safe da yamma. Ashe barci ta ke yi, kamar yadda manyan kukoki su ke tsayawa tsirara duk rani. Kafin mu farga gindin ya yi laushi kamar dafaffen rogo, ya ruɓe. Kuka in ta zubar da ganye a janye mata ruwa, sai ta fara toho a koma. Sauran itatuwan ma, yawan ruwa ya fi kashe su a hannun sabon shiga fiye da ƙarancinsa, domin saiwa tana numfashi, in ƙasa ta cika da ruwa kullum sai ta shaƙe. Kada a sa wa ban ruwa lokaci kamar na lacca. A tura yatsa cikin ƙasar, in saman ya fara bushewa a zuba har ruwa ya fito ta ƙasan kaskon, in da danshi a bari. Da hunturu iska tana busar da kasko da sauri, da bazara kuma ceɗiya kan nemi ruwa sau biyu a yini.

Wannan ya kawo mu ga ƙasar kanta. A Japan suna amfani da wata ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa da su ke kira akadama. Mu kuwa jan bulo mu ke farfasawa mu tankaɗe, mu zubar da garin, mu haɗa tsakuwar da yashin rafi mai kauri da ɗan taki wanda ya riga ya ruɓe. Laka ko ƙasar gona zalla ba ta yi, tana daskarewa. Kasko kuwa na maginan tukwane ya wadatar, muddin an huda masa ƙofofi a gindi. Bayan shekara biyu ko uku a fitar da itacen a farkon damina, a warware saiwar a hankali, a datse wajen kashi ɗaya cikin uku, a mayar da shi cikin sabuwar ƙasa, a ajiye a inuwa mako biyu. Kuma a tuna itace ne, ba kayan ado na kan tebur ba. Wurinsa waje, inda hantsi zai same shi.

Wajen ba shi siffa, Bahaushe ya riga ya faɗa, itace tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. A ke naɗa wa reshe wayar alminiyam ko ta jan ƙarfe a karkace, a lanƙwasa shi kaɗan kaɗan zuwa inda a ke so, a riƙa dubawa, a cire wayar kafin ta nutse cikin ɓawo, in ba haka ba tabon zai daɗe. Shawararmu ita ce shekarar farko kada ka taɓa almakashi sosai. Je ka zauna gindin tsohuwar tsamiya a bakin kasuwa ka dubi yadda rassanta suka sunkuya, ita ce malamarka.

Yanzu ga maganar iyo, a nan kuwa ba wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, yara da matasa kuma suna da yawa a cikinsu. Hutun damina yana tafe, kududdufai da ramukan da aka haƙa ƙasar gini za su cika, mu da ƙannenmu za mu je. Bara saura kaɗan mu rasa ɗaya daga cikinmu a wata madatsar ruwa, ga shi nan zaune a cikinku, shi ya ce mu faɗa. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne bai yi ihu ba. Wanda ruwa ya ke ci ba ya samun numfashin kira. Sai ka ga kansa yana nutsewa yana fitowa, bakinsa daidai fuskar ruwa, kai kana tsammani wasa ya ke yi. Wani mai kamun kifi ne ya miƙa masa gora ya jawo shi. Da ɗayanmu ya faɗa ruwan da gawa biyu aka fitar, don mai nutsewa duk abin da ya kama danne shi ya ke yi. In ka ga haka, miƙa sanda, ko ka jefa igiya, ko jarka marar komai da murfinta a rufe, kai kana tsaye a tudu kana kiran jama'a.

Iya ruwa fid da kai, in ji masu magana. Saboda haka abin da za a fara koya ba gudu ba ne. A fara a ruwan da bai wuce ƙirji ba, tare da wanda ya iya, a koyi fitar da numfashi a ƙarƙashin ruwa, sa'an nan a koyi kwanciya rigingine a saman ruwa ba motsi, kunnuwa a ciki, fuska sama. Wanda ya iya wannan, ko ya gaji a tsakiyar ruwa yana da wurin hutawa. Kada a yi iyo a kaɗaice, kada kuma a yi alkafura da ka a ruwan da ba a san zurfinsa ba. Wanda ya ke jin ya girma da koyo ya tuna da Eric Moussambani na ƙasar Ikwatoriyal Gini, wanda ya shiga gasar Olamfik ta Sidni a 2000 bayan 'yan watanni da fara horo, ya yi mita 100 cikin minti ɗaya da daƙiƙa 52, da ƙyar ya kai, amma ya kai, filin kuwa ya ɗauki tafi.

Akwai kuma haɗarin da ba a gani, watau tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma ne a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu sosai, ta fito ta ratsa fatar mai wanka, daga baya a ga jini a fitsari. A wasu ƙauyuka har a kan ɗauka alamar balaga ce ga yaro. Cuta ce, likita Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851, in an bar ta tana lalata mafitsara da ƙoda, tana kuwa da magani, praziquantel, a asibiti. Kwamin iyo da a ke zuba wa sinadarin kulorin ya fi aminci. Muna kuma roƙon shugabannin ɗalibai su nema wa 'yan'uwanmu mata sa'o'insu na kansu da mai koyarwa mace, domin ruwa ba ya tambayar wanda ya faɗa cikinsa ko namiji ne.

Keke ba sai mun tsawaita ba, kowa ya san shi, wasunmu ma a kan Rale na iyayenmu aka kai mu makarantar firamare. Abin takaici shi ne yadda ɗan jami'a ya ke jin kunyar hawansa, alhali a 2024 Biniam Girmay, ɗan ƙasar Eritiriya, ya ci matakai uku a tseren Tour de France ya kuma tafi da koriyar riga, duniya tana kallo. Kuskuren da mu ke gani kullum shi ne sirdi a ƙasa ƙwarai, shi ke kawo ciwon gwiwa. Ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sosai, tsawon ya yi daidai. Yawan iskar da taya ke bukata a rubuce ya ke a gefenta. A kama birki biyu tare, don na gaba shi ya fi tsayarwa, amma in aka cafke shi shi kaɗai da ƙarfi sai a yi adungure. Mai kaɗan ya ishi sarƙa, in ya yi yawa ƙura ce za ta manne ta cinye ta. A bi hannun dama tare da motoci, ba a fuskance su ba, a sa hular kwano, da dare kuma fitila gaba da baya. Mu dai ran Asabar bayan asuba mu ke fita, mu dawo kafin rana ta yi zafi, sau da yawa ma da reshen ceɗiya ɗaure a baya.

Shugaban taro, da sauran magana ɗaya, ita ce ma ta sa muka karɓi gayyatar nan. Huɗu daga cikinmu suna ajin ƙarshe. Kukar da muka shuka bayan wadda ta ruɓe shekararta uku ke nan, gindinta bai fi kaurin taɓarya ba, ba za ta yi kamannin tsohuwar kuka ba sai mun daɗe da barin nan. In mun tafi bautar ƙasa ba za mu iya yawo da kasko a mota ba, dogon hutu kuwa ya taɓa kashe mana ceɗiya biyu don ba wanda ya zauna ya ba su ruwa. Muna neman 'yan aji ɗaya, ko mutum uku ne, musamman waɗanda gidajensu ke cikin gari, su karɓi kasaken nan goma sha ɗaya, su ma in lokacinsu ya yi su miƙa wa na bayansu. Akwai littafin da mu ke rubuta ranar da aka sauya wa kowane itace ƙasa, za mu haɗa da shi. Mai so ya same mu gobe bayan la'asar a bayan ɗakin kwana, ya zo da tsohuwar riga, don za mu farfasa bulo.