Ƙawancen Nesa da Zaman Maƙwabta: Nijar da Nijeriya

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai a Gyaɗi-Gyaɗi, Kano)



An umurce mu da mu yi magana a kan yadda ƙawancen da ƙasa takan ƙulla da na nesa yake taɓa zamanta da maƙwabciyarta. Ba sai mun je Turai neman misali ba. Wanda ya tashi daga nan Gyaɗi-Gyaɗi da safe ya kama hanyar Katsina, ya bi ta Jibiya, to a Maraɗi zai kwana. Iyakarmu da Jamhuriyar Nijar ta haura kilomita 1,500, kuma Ingila da Faransa ne suka shata ta.

Bayan samun mulkin kai a 1960, Nijar ta zauna cikin rukunin Faransa, kuɗinta sefa, ga kuma yarjejeniyar tsaro da suka ƙulla a 1961. A wannan shekarar ce Nijeriya ta kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Sahara. Watau tun daga farko, uban gidan maƙwabcinmu abokin hamayyarmu ne.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Janar de Gaulle ya karkata ga Biyafara, makamai suka riƙa shiga ta Gabon da Kwaddibuwa, su biyun kuma suka amince da Biyafara a matsayin ƙasa a 1968. Idanu suka koma kan Shugaba Diori Hamani, a ga ko shi ma zai bi. Sai ya ƙi. Ya tsaya bayan Gwamnatin Tarayya ta Janar Gowon, har aka yi zaman sulhu a Yamai cikin watan Yuli na 1968. Ba don ya daina bukatar Faransa ba ne. Ya dai san fiye da rabin mutanensa Hausawa ne masu dangi a Katsina da Daura da Sakkwato, ya san gyaɗar Damagaram ta Kano take bi ta hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Bayan yaƙi aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu a 1971, daga baya wutar lantarkin Kainji ta isa Yamai. A ganinmu wannan ita ce siyasar waje mafi hikima da aka taɓa yi a kan wannan iyaka.

To, sai ga al'amari ya juye. Ran 26 ga Yuli, 2023, sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani suka hamɓarar da Shugaba Bazoum. Ƙungiyar ECOWAS, wadda Shugaba Tinubu ke jagoranta a lokacin, ta ba su wa'adin kwana bakwai tare da barazanar yaƙi. Nijeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar nan ta Kainji. Sanatocin Arewa suka ƙi batun yaƙi, domin sun san wa za a harba. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela, kaya na ruɓewa, kuma ba sojan da ya kwana da yunwa, sai talaka. Nijar ta ƙulla sabon ƙawance da Mali da Burkina Faso a watan Satumba, ta sallami sojan Faransa da na Amurka, ta karɓi na Rasha. An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, ta kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025.

Abin lura a nan, jama'a, shi ne an yi musayar riguna. Da can Ikko ke zargin Yamai saboda Faransa. A Nuwamban 2024 Shugaba Tinubu ya kai ziyarar aiki Faransa, wata guda bayan haka Janar Tchiani ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa don a dagula ƙasarsa. Gwamnatinmu ta musanta, mu ma ba mu ga hujja ba. Amma zargi ba ya jiran hujja kafin ya yi ɓarna. A Maris na 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙar Boko Haram a yankin Tafkin Chadi.

Laifi a ganinmu na ɓangarorin biyu ne. Abuja ta gaggauta zare takobi kafin ta aika dattawa, Yamai kuma ta mai da duk wanda ya gaisa da Faransa maƙiyi, alhali Diori ya shekara goma sha huɗu yana gaisawa da ita ba tare da ya juya mana baya ba.