Abin da Masuntan Bakalori Ke Nema Wurin Gwamnati

Yau maganarmu a kan kifi ce. A cikinku akwai masunta, akwai masu banda, akwai masu kai kifi kasuwar Talata Mafara. Wanda ba ya cikin waɗannan kuwa, ai yana ci. To, ku saurara.

Dattawanku sun san yadda gulbin Sakkwato yake a da. In damina ta yi ƙarfi, wajen watan Yuli da Agusta, sai gulbi ya cika ya batse, ruwa ya malale fadama tun daga Mafara har Bakura. Sai tarwaɗa da karfasa da bargi su bi ruwan nan su shiga cikin ciyawa. Can suke zuba ƙwai. Can 'ya'yan ke samun abinci, can suke ɓuya wa tsage da giwan ruwa. Kafin ruwa ya janye sun yi ƙwari, sai su koma gulbi, waɗansu su tsaya a tafkuna irin na Natu. Watau fadama ita ce ɗakin haihuwar kifi.

A shekarar 1978 aka gama gina madatsar ruwa ta Bakalori. Wani kamfanin Italiya, Impresit, shi ya yi aikin. Tafkin da aka tara yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, ya kuwa cinye gonakin mutanen ƙasar Maradun masu yawa. Kun san abin da ya faru a watan Afrilu na 1980, lokacin da manoma suka tsaya a kan a biya su diyya, 'yan sanda suka buɗe wuta, rayuka da yawa suka salwanta. Allah ya jiƙansu. An yi ta maganar manoma, kuma daidai ne a yi. Amma masunci ba shi da gonar da za a auna, saboda haka hasararsa ba ta shiga lissafi ba. Wani Bature masani, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar, ya buga abin da ya gani a 1985. Ya tarar ambaliya ta ragu, kifi ya ragu, wanda ake kamawa ma ya ƙanƙance.

Dalili a fili yake. Madatsa aikinta ta riƙe ruwan damina don a yi noman rani da shi. Lokacin da kifi ke jiran ruwa ya hau fadama, lokacin ne ake tare shi don tafki ya cika. Manomin shinkafa ya samu, masunci ya rasa.

In an tambayi masunta me suke so Gwamnati ta yi musu, da yawa su kan fara da cewa a ba su koma da kwalekwale. Waɗansu su ce a zuba 'ya'yan kifi cikin tafki. Ba mu ce waɗannan ba su da amfani ba. Amma mu a ganinmu ba su ne na farko ba. Me sabuwar koma za ta kama a ruwan da ba kifi? Abu na farko shi ne ruwa: a riƙa sakin wani kashi da damina, a hankali, kwanaki a jere, yadda zai hau fadama ya daɗe har 'ya'yan kifi su tasa. Kuma a sanar da mutane kafin a buɗe ƙofofi, kada ruwa ya zo da dare ya kwashe kalli da mamari da shuka.

A nan akwai wani abu da ya kamata kowa ya gane. Madatsar ba ta Gwamnatin Jiha ba ce. Tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ita kuwa ta Gwamnatin Tarayya ce. Amma lura da su da masunta yana wuyan Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Sakkwato a 1996. Ashe mai ruwa daban, mai kifi daban. Masunci da ya kai kukan ruwa wurin malamin kifi na Jiha kaɗai, za a ce masa ba su ke buɗe ƙofa ba. Sai dai a roƙi Jiha ta zauna da Hukumar, da Sarkin Ruwa a wurin, a ajiye wa kifi rabonsa a rubuce.

Sai maganar idon koma. Wannan kuwa ta shafe ku, kada kowa ya dubi ɗan'uwansa. Akwai doka ta Tarayya tun 1992 a kan su a koguna da tafkuna. Ta hana zuba guba, ko magimfa ce ko Gamalin ko wani maganin ƙwari. Ta hana nakiya da lantarki. Ta ce idon koma kada ya gaza milimita 76, watau inci 3. Ta kuma ba Kwamishina ikon rufe wani ruwa na wani lokaci. Doka tana nan, mai tsare ta ne babu. Har gidan sauron da asibiti ke rabawa don yara, an mai da shi taru. Masunci na gari ya fi kowa son a tsare wannan doka, domin shi ke cutuwa. In ya saki ƙaramin kifi yau, maƙwabcinsa ya kwashe shi gobe da gidan sauro.

Rufe ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ku dubi Argungu, can ƙasa a kan wannan ruwan namu. Ba a shiga Matan Fada sai ranar da aka ba da izini, shi ya sa ake fito da giwan ruwa wadda sai mutum biyu sun ɗauka. Sarkin Ruwa ya san kowane masunci da sunan ubansa. Ma'aikaci guda a kan babur ba zai iya wannan ba. Gwamnati ta ba Sarkin Ruwa ƙarfi, ta tsaya bayansa in ya kama mai laifi.

Akwai kuma maganar tsaro. Shekarun nan 'yan bindiga sun hana mutane da yawa kwana a bakin ruwa a ƙasar Maradun da Bakura, su kuwa na dare ne da asuba. Wannan ba sai mun faɗa muku ba.

Gwamnati da takarda take aiki. In kun ce kifi ya ragu, za a ce da nawa? Saboda haka daga gobe kowane masunci a ajin nan zai ware shafi guda a littafinsa. Ya rubuta kwanan wata, da wurin da ya yi su, da irin kifin, da yawansa. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, na kusa da shi ya rubuta masa. Ranar Alhamis kowa ya zo da guntun komarsa, malamin aji zai kawo rula, mu auna idon mu gani ko ya kai inci 3. Bayan nan mu fara tsara wasiƙar da za a kai wa Hakimi.