Gulbin Gabi da Tattalin Ruwa: Jawabi a Bikin Cikar Sarauta Shekara Ɗari

 

Ƙasar Gabi ba ta cikin yankunan Nijar da suka fi ƙarancin ruwan sama. Matsalarta ita ce ruwan ba ya zama. Gulbin Gabi yakan taso daga kudu da damina, ya cika ya batse, ya zarce tafkin Madarumfa, kaka na yi sai yashi. Kakanni sun ga yunwar Kakalaba a 1914, dattawan da ke zaune a wannan fili kuma ba su manta da farin 1973 da El Buhari ta 1984 ba. Bayan wannan ta ƙarshe ne gwamnatin Seyni Kunce ta matsa wa talakawa su rungumi noman rani, har waɗanda suka yi gunaguni da farko suka koma haƙa rijiya a fadama.

Dogara ga gulbi kaɗai kuwa ganganci ne. Tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina, ruwan da ke isowa Gulbin Maraɗi ya ragu, duk da yarjejeniyar rabon ruwa da Nijar da Najeriya suka ƙulla a Maiduguri a 1990. Gulbin da mafarinsa ke hayin iyaka, wani ne ke riƙe da bakinsa.

Ruwan da manomin Gabi yake da iko a kansa shi ne wanda ya zuba a gonarsa. Ramin tassa da aka zuba wa taki yana tsare shi a gindin hatsi. Rabin wata yana farfaɗo da faƙo. Gawon da aka bari a gona yana rage iska, kuma ya zubar da ganye da damina ya zama taki. Shi kuwa dajin Baban Rafi, gatarin masu itace ya ci shi ƙwarai, alhali saiwoyinsa ne ke sa ruwa ya nutse ya ciyar da rijiyoyi.

A nan ne aikin fada yake. Injin ban ruwa ya yawaita, kowa yana zuƙa daga ƙasa guda. Jama'a na roƙon Mai martaba ya tara masu garuruwa da ardo-ardo kafin damina mai zuwa, a tsai da tazarar rijiyoyi a fadama, a shata burtali zuwa mashaya, a kuma sanya tara a kan saran gawo.